Yaron da Kande Ta Yaye a Tungar Aduwa

Jikata Lujain ce ta tsokano wannan rubutu. Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a shiggarmu, wato sashen benen da muke ciki a unguwar Shisha ta Makka, ina tsintar riɗi a faranti, sai ta ɗago kai daga wayarta ta ce da ni, rabi Larabci rabi Hausarta mai ɗingishi, "Ya Sitti, wahalarki ta ƙare. Yanzu yawu ake tofawa a 'yar kwalba a aika, a gaya wa mutum asalinsa kaf." Ƙannenta suka kwashe da dariya. Na ce, "To madalla. Yawun zai faɗa miki wa ya sha nonon wa?" Ta ce, "Esh?" wato me. Na ce ta bari, zan rubuta musu, tunda ba su da haƙurin zama su saurara.

Ni matar gida ce, sunana Rabi. Ba ni da shago, ba ni da allo a bakin ƙofa. Tsakanin girki da wanki da tarbiyyar yara na yi aikin da na yi, wato bin salsala: mutum ya zo yana neman inda kakansa ya ɓace, ko yana son sanin su wa ya haɗa jini da su, ni kuma in bi masa sawu.

Mu da aka haifa a Makka, da yawanmu abin da ke ƙarshen sunanmu a kati shi ne Hausawi. Wannan kuwa kamar a tambayi kifi garinsu ne ya ce ruwa. Kakanninmu da ƙafa suka taso da niyyar hajji, wasu daga ƙasar Kano, wasu Sakkwato, wasu Damagaram. Guzuri kan ƙare a hanya, sai a tsaya a yi noma. Inda suka fi tsayawa shi ne filayen Sudan, tsakanin Sinnar da Gadarif, baƙar ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba tudu, ciyawa ta fi mutum tsawo. Su sare ciyawar, su kafa bukkoki, su haƙa tafki, su shuka dawa da riɗi, suna cewa damina ɗaya za mu yi mu wuce. Ba sa gina ɗakin ƙasa, ba sa dasa itace, wai su matafiya ne. Wani ya wuce ɗin. Wani kuwa sai jikansa ne ya iso. Duk wanda ya zo wurina, ta cikin gonakin nan nake bi da shi, don a can zaren yake tsinkewa.

A wurin uwar mijina na koya, Goggo Dije, Allah ya haskaka kabarinta. A goye ta bar ƙasar Hausa, a Sudan ta koyi tafiya, da aurenta ta ƙetaro teku. Lokacin aikin hajji gidanta na unguwar Utaibiyya ba ya rabo da baƙi. Ni ina amarya, aikina kawo shayi da zama a bakin ƙofa, baki a rufe. Da yake na yi sakandare, ranar farko na fito da biro. Ta harare ni ta ce, "Mayar. Tsoho in ya ga alƙalami bakinsa bushewa yake yi, yana zaton hukuma ce. Ki rubuta da kunnenki, in sun tafi kya juye."

Na tuna wani alhaji daga ƙasar Katsina da ya zo mata yana neman kakansa, wanda ya fita hajji tun uban alhajin yana ciki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Suna ya kawo, sunan kuwa rabin Makka ke amsa shi. Goggo ba ta kula sunan ba. Ta sa shi ya matso kusa da taga ta dubi tsagar fuskarsa. Ta tambaye shi sana'ar gidansu, ya ce ƙira. Ta tambaye shi abin da gidansu ba sa ci. Ta kaɗa kofin shayi ta ce, "Akwai wani maƙeri da ya zauna a tungarmu yana gyaran lauje lokacin yankan riɗi. Ɗansa yana sayar da asuwaki a nan unguwar Rusaifa." Aka kai alhajin. Mijina da ya raka shi ya ce kowannensu ya zuba wa kumatun ɗan'uwansa ido, sai mai asuwakin ya fara naɗe tabarmar kayansa tun azahar ba ta yi ba.

Kada ku ɗauka kullum haka ake dacewa. Sau da yawa sai in bi sawu wata da watanni, ya kai ni bakin wani tafki da ya ƙafe, daga nan shiru. In kira mutum in ce masa iyakar abin da na samu ke nan, Allah ya haɗa ku a Aljanna. Samarin yanzu kuma bishiyar zuriya suke so a zana musu su rataye a falo, da sarki ko babban malami a can ƙoli. In na ce musu kakanku manomin riɗi ne, ya mutu yana bin layin shuka da sungumi, fuskarsa tana kallon gabas, sai su ce, "Khala, ki ƙara dubawa."

Dokar Goggo ta farko: kada ki tambayi tsoho wa ya haifi wa. Matan da ba sa kama sunan miji, ba sa kama sunan ɗan fari, wata ma sai ta ce miki ba ta san shi ba alhali yana zaune kusa da ita. Shekaru kuma ba da lamba suke riƙe su ba. Shekarar fara, shekarar da aka haƙa tafki, shekarar da kura ta ɗauki jakin wane. Ki tambaye su me suka ci, ina suka ɗebo ruwa, wa ke daka kusa da su. Mutanen za su fito da kansu ɗaya bayan ɗaya. Doka ta biyu: kada mai ba ki labari ya gane amsar da kike fata, don tsofaffinmu masu tausayi ne, za su ba ki ita ko babu ita. Ta uku: baki ɗaya ba ya tsayar da magana, sai kin ji ta daga wani bakin da bai san kin je wurin na farko ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Butar shayi, rediyo mai kaset a da, yanzu waya. Sai wani ɗan turmi da taɓarya da Goggo ta bar mini. Za ku ji amfaninsa.

Shekarar da yaƙi ya ɓarke a Sudan ita ce mafi muni a aikina. Tsofaffin da nake bugawa waya a tungayen can, wasu suka watse, wasu layinsu ya mutu. In buga in buga, sai ƙarar iska. A cikin wannan hali ne Safiyya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da hantsi, ko abayarta ba ta ɗaura daidai ba. 'Yar unguwarmu ce, matar Usman mai shagon kayan gyaran mota a Rusaifa, 'ya'yansu huɗu, babbar ta kusa gama sakandare. Ba ta zauna ba ta ce, "Khala Rabi, gidana zai rushe."

Ga abin da ya faru. Iyayen Safiyya da iyayen Usman duk mutanen wuri ɗaya ne a Sudan, Tungar Aduwa. A can aka haifi Usman, iyayensa suka taso da shi yana ƙarami. Mahaifiyar Safiyya kuwa, Kande, sai daga baya suka iso da mijinta, a nan Makka ta haifi Safiyya. Lokacin da aka ɗaura auren, iyayen duka sun riga mu gidan gaskiya, dangi ma murna suka yi cewa 'yan tunga ɗaya sun haɗu. To sai ga wata 'yar'uwar Kande, Inna Hanne, ta tsero daga yaƙi ta sauka a gidan Safiyya. Ana cin abincin rana Usman ya shigo gaishe ta. Ta tambaye shi ɗan wa ne a tunga, ya faɗi sunan mahaifinsa. Ta tafa hannu don murna ta ce, "Usman! Usman na Kande! Wallahi da idona na gan ka a ƙirjinta kana tsotso kana kuka." Sai da maganar ta fita sannan ta dubi Safiyya, ta dubi yaran, ta toshe bakinta da hannu.

Kun san hukuncin, ko ya kamata ku sani. Idan Kande ta shayar da Usman, to shi da Safiyya wa da ƙanwa ne, babu aure a tsakaninsu.

Usman ya je wurin limamin masallacinsu. Liman ya ce ba a rushe aure da shakka, sai an tabbata akwai ruwa a nonon kuma ya sha yadda shari'a ta ƙayyade. Su bincika, su kwantar da hankali. Amma Usman mutum ne mai tsantseni. Ya dawo ya ɗauki 'yar jakarsa ya koma kwana a shago. Safiyya ta ce mini, "Khala, ko mijina ne ko yayana ne, ba ni da lulluɓi a gabansa. Amma na rasa da wane ido zan dube shi. Autana yana tambayata me Baba ya yi aka kore shi."

Na ce, "Mahaifiyarki ta taɓa haihuwa kafin ke?"

Ta ce, "Ta haifi namiji a tunga, bai yi rai ba. Sau ɗaya ta taɓa gaya mini."

Nan maganar take gaba ɗaya. In jaririn nan ya riga zuwan Usman hannun Kande, to akwai ruwa a nonon, mace ce da ta rasa ɗa aka miƙa mata wani. In kuwa bayansa ne, ƙirjin busasshe ne. Na ce mata, "Zan bi. Amma ki sani, abin da na tarar shi zan kawo, ko mai daɗi ko mai ɗaci. Hukunci kuma na malamai ne, ba nawa ba." Ta ce ta yarda.

Inna Hanne na fara zama da ita. Na same ta idanu sun kumbura, tana ta cewa, "Ƙila ban gani daidai ba, yarinya ce ni lokacin, tsufa ne." Na ce, "Inna, kin gani. Kada ki janye don tausayi, Allah yana jin mu." Na bar zancen nono, na tambaye ta aikin da ake sa yara mata a tunga. Ta ce korar tsuntsaye, ɗiban ruwa a tafki, tsinto kara. Na ce ranar da ta ga Usman, daga ina take? Ta kalli tafin hannunta, ta ce, "An aike ni tsinko garafuni a jikin shinge. Har yanzu ina jin ɗacinsa a yatsuna. Kande ce ta murje shi a ƙoƙo."

Nan na gane yaye ne. Ku da aka raina da kwalbar madara ba ku san shi ba. In za a cire yaro daga nono, ba a barinsa wurin uwarsa. Wata mace ake kai wa ta goya shi, ta ba shi kunu, in ya dame ta da kukan nono sai ta shafa abu mai ɗaci a nata ta ba shi, ya tsotsa ya tofar, har ya tsani abin. Da saurina na sa ɗana Yasir ya kai ni shagon Usman. Ya fito yana goge baƙin mai a hannu, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Khala, Allah ya saka. Amma yaye ai kafin shekara biyu ake yi. Kuma ɗaci a waje ba ya hana ruwa a ciki." Gaskiya ya faɗa. Na dawo gida hannu rabbana.

A da, waya ɗaya zan buga Tungar Aduwa a haɗa ni da tsohuwar da ta fi kowa shekaru. Yanzu babu. Dole in nemi waɗanda suka rage a nan Makka. Na bi gidajen suna da na ta'aziyya ina jefa sunan tungar cikin hira kamar ba komai, don ban so maganar Safiyya ta shiga bakin mata. Duk da haka ta fara yoyo. A wani biki na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita, "To yaran nan me za a kira su?"

A wannan yawon na samu Baba Sale a gidan 'yarsa a Rusaifa, tsoho mai nauyin kunne, yana cikin waɗanda suka haƙa tafkin tungar. Na zauna a bayan labule, Yasir yana ɗaga masa muryata. Ya ba mu labarin ƙasar: da rani ta tsage har ƙafar yaro ta shige, da damina ta kama ƙafar jaki ta ƙi saki. Ya ce riɗi ba ya jiran kowa, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube, don haka lokacin yanka har mai jego fita take yi. Ya ce wata shekara bayan girbi wuta ta taso daga ciyawa ta cinye tungar ƙurmus, bukka da rumbu, don ba ɗakin ƙasa ko ɗaya. Na sa Yasir ya tambaye shi ko mahaifin Usman ya yi asara a gobarar. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai mai rabo ne. Tuni ya wuce gabas da iyalinsa, damina biyu kafin wutar. Sunguminsa ya bar mini, shi ya ƙone a madadinsa." Da na taɓo haihuwar Kande sai ya ce, "Zancen mata ne wannan. Ku nemi Tabawa 'yar ungozoma, in tana da rai. Na ji an ce tana Utaibiyya."

Neman Iya Tabawa ya fi komai ba ni wahala. Tana can saman unguwa inda mota ba ta kaiwa, sai matakala da lunguna. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama, ita da 'yarta, tun zuwansu hajji suka zauna. A irin wuraren nan, in baƙuwa ta zo tana tambayar mutum da suna, ba wanda ya san shi. Na hau na sauko, na hau na sauko, gwiwoyina suna ƙara, kowa ya ce, "Ma a'rif, Hajiya," wato bai sani ba. Safiyya kuwa kullum da safe sai ta bugo, ba ta tambaya, gaisuwa kawai take yi, ina jin numfashinta. Daga ƙarshe wata mai sayar da gyaɗa da ta san Goggo Dije ta ce, "Ke ce surukar Dije? Biyo ni."

Na tarar da tsohuwa kamar tsinke a kan katifa, hankalinta yana zuwa yana tafiya. Ta dube ni da jakata ta juya fuska bango. 'Yarta ta ce, "Tana zaton daga hukuma kike. Kuma kwanan nan ko ni wani lokacin ba ta gane ni." Na sauko matakalar nan ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Tsakanin gidan Safiyya da rushewa babu kowa sai wannan baiwar Allah, ita kuma tana bakin hanya.

Safiyya ta ce za ta bi ni in zan koma. Na ce a'a. "Fuskarki za ta roƙe ta, ta ba ki abin da kike so. Usman kuma ba zai karɓa ba, ni ma haka."

Na koma ba jaka, sai turmin Goggo a buhu da soyayyen riɗi da sukari. Na roƙi 'yarta izinin ɗaukar murya, ta yarda da sharaɗin ba hoto. Ban ce wa Iya komai ba. Na zauna a ƙasa kusa da katifarta na fara daka, za ni yi kantu. Ƙamshin ya cika ɗakin. Can na ji motsi a bayana.

"Wace ce wannan take daka kamar tana tsoron turmin?"

Na ce, "Ni ce, Iya. Ban iya ba."

"Ai na gani. 'Yan birni! Kawo nan, za ki fitar masa da mai tun bai yi laushi ba."

'Yarta ta tallafe ta ta zauna. Hannun da ko kofi ba ya riƙewa ya kama taɓarya. Ba ta da ƙarfin ɗagawa, murzawa take yi, amma bakinta ya buɗe. Ta koma tunga. Ta kira matan da ke daka a gindin aduwa ɗaya bayan ɗaya, ta zagi wata da ta ari rariyarta ba ta mayar ba. Na bar ta ta yi ta yi. Sannan na ce, "Iya, wa ya fi iya kantu a tunga?"

"Kande mana. Kande baiwar Allah. Tana daka, ga goyo a baya."

Na ci gaba da tsintar riɗin da ba shi da tsakuwa. Na ce, "Ashe tana da goyo."

"Goyon aro! Ke ba ki san komai ba. Kande ai ta daɗe a ɗaki ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Tana daka tana share hawaye da gefen zane. Innata ce ta ce, ku ba ta yaron nan ta yaye shi, goyon ɗan wani yana jawo na mutum. Aka kai mata shi, wani mai kukan tsiya, ya hana tunga barci. Har garafuni ta shafa masa, a ƙirjin da ba komai sai fata. Muna mata dariya muna cewa, Kande, me zai samu a nan da har kike masa rowa?"

Na ce, muryata ƙasa-ƙasa, "To ya jawo?"

"Ya jawo mana. Bayan sun tafi gabas da shi ta yi ta kuka, sai ga ciki. Shekarar wuta ta haihu, a fili, ba ko bukka. Bai kwana da yawa ba ya koma." Ta saki taɓaryar ta ce, "Sa sukarin yanzu. Ke komai sai an gaya miki."

Na so in tashi da gudu. Amma baki ɗaya ne. Washegari na koma wurin Baba Sale, ban ce masa na ga kowa ba. Na sa Yasir ya tambaye shi wa ke haƙa kabari a tunga. Ya ce su ne dai masu haƙa tafki. Na ce ya taɓa haƙa wa mijin Kande? Ya ce ya taɓa. Sannan ya ce, "Ɗan ƙarami, bai fi kamu ɗaya ba. Toka muka fara sharewa kafin mu samu ƙasa. Likkafani ma babu, komai ya ƙone, rawanin liman aka yaga." Ya share ido ya ce, "Me ya sa kike tono wannan?" Na ce, "Alheri ne, Baba, in sha Allahu."

A falona na tara su bayan la'asar, Safiyya a wannan gefe, Usman a wancan, ba mai duban wani. Na kunna muryar Iya Tabawa, sannan ta Baba Sale. Ban ƙara ko kalma ba. Usman ya ce in maimaita wurin ƙirjin da ba komai sai fata. Na maimaita. Ya karɓi wayar ya tafi da ita wurin liman, muka zauna ni da Safiyya, shayi ya huce a gabanmu. Da ya dawo, a bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Liman ya ce ko da ma auren yana nan, yanzu kuma ko ƙurar shakka babu." Sai ya dubi matarsa, karo na farko tun ranar abincin nan.

Safiyya ta ce, "Wato kai ka jawo ni duniya, sannan ka gudu shago ka bar ni da yara huɗu?"

Ya ce da Larabcin rarrashi, "Ya bint al-halal, ki bari in ɗauko jakata tukuna."

"Ka bar ta can. Warin man mota take yi."

Bayan 'yan kwanaki Usman ya ce lallai sai an kai shi ya gaida Iya Tabawa. Muka hau matakalar nan gaba ɗaya, shi da Safiyya da yaran, yana ɗauke da buhun shinkafa a kafaɗa yana haki. Ya durƙusa a bakin katifa, mutum mai furfura a gemu, ya ce, "Iya, ni ne yaron da Kande ta yaye."

Ta ƙura masa ido ta ce, "Kai ne mai kukan? Ka daina?"

Ya ce, "Na rage, Iya."

"Ina Kanden?"

Ya nuna Safiyya ya ce, "Ta rasu. Ga 'yarta, ita ce matata. Waɗannan jikokinta ne."

Iya ta bi yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi. Ta ce, "Ashe ka jawo mata da yawa."

Ba ta kai aikin hajjin shekarar ba. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Kande da Goggo Dije, da ɗan ƙaramin da aka rufe cikin toka, da duk waɗanda suka kwanta a filayen nan fuskarsu tana kallon inda mu muke zaune yau. Turmin yana nan bayan ƙofar kicin, Lujain, kullum kina tuntuɓe da shi kina cewa a jefar. Kada wanda ya taɓa mini shi.